Yadda gonar Baffa ta rushe min binciken mastas

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai da kuɗin gawayi aka yi min karatu, gara in faɗa da bakina tun kafin wanda ya sanni ya riga ni. Babanmu gawayi da itacen girki yake sayarwa a unguwar Rigasa ta Kaduna tun ban san kaina ba, rumfar tana nan har yau, in ka wuni a ciki ka dawo gida ka fyace hanci baƙi ne zai fito wuluk. Da wannan baƙin aka kai ni firamare da sakandare, da shi nayi digirin farko a jogirafi, naje bautar ƙasa na dawo na kama koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi da albashinta baya kai mutum ashirin ga wata. A 2019 na sayi fom ɗin mastas, kuma duk cikin fannonin da ke akwai sai na ɗauki na tsara yadda za a kare daji da yadda mutane zasu jure sauyin yanayi. Abokaina har yau basu daina min tsiya ba, wai an ba kura ajiyar nama. Ranar da na gaya wa Baba ya daɗe yana kallona sannan yace, "Wato karatun da zai rufe min rumfa zaka yi kenan." Yayi dariya, ya kwance 'yar jakar da yake ɗaurawa a ƙugu ya ƙirgo min cikon kuɗin rajista, duk takardun sun yi baƙi, sai da na bi su da tsumma kafin na kai banki.

Bari in ɗan yi bayanin fannin, don mutane da yawa in nace musu ga abinda na karanta sai suce au, shuka bishiya. Ba shi bane, ko ince ba shi kaɗai bane. Maganar ita ce ba zai yiwu a killace ko'ina ba, mutane zasu yi noma, shanu zasu yi kiwo, gari zai faɗaɗa, kuɗin da gwamnati ke warewa harkar kuma cikin cokali ne. Toh in ɗan kaɗan zaka iya karewa, wanne zaka ɗauka wanne zaka bari, kuma da wace hujja? Sai sauyin yanayi ya zo ya ƙara dagula lissafin, domin wurin da yau yake da laima mai yiwuwa nan da shekara 30 ya bushe, dabba da tsuntsu har da itace kanshi suna buƙatar hanyar da zasu matsa zuwa inda zasu rayu, kamar dai yadda bafulatani yake buƙatar burtali tsakanin makiyaya da mashaya. In ka toshe masa burtali ka bar masa makiyayar kawai ai ka kashe shi a tsaye. Aikina kenan a takarda, in nemo burtalin daji.

Yankin da na zaɓa yammacin Kaduna ne, daga wajen Buruku a bi titin nan har Birnin Gwari zuwa dajin Kamuku. Kamuku tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 ya koma hannun gwamnatin tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100 kuma yana jingine da dajin Kuyambana na Zamfara. Dajin doka ne da maje da taura da kawo, da can akwai giwaye da gwanki a ciki. A takardar ƙudurin bincikena na rubuta da ƙwarin gwiwa cewa zan shiga in auna itatuwa da tef, in zauna da ƙauyuka goma sha biyu. Dokta da yake duba aikina ya karanta wajen ya cire tabarau yace, "Kai kana da wanda zai biya maka kuɗin fansa ne?" Nace ranka ya daɗe ai ta'adin 'yan bindigar zai lafa. Allah sarki.

Bai lafa ba. Korona ta zo a 2020 aka kulle Kaduna, malaman jami'a suka tafi yajin aiki daga Maris har Disamba. A Maris ɗin 2021 aka shiga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando, aka kwashe ɗalibai 39, yara masu karanta irin abinda nake karantawa, a bakin gari ba ma a daji ba. Daga ranar Innarmu ta kafa min doka, tace in na sake na wuce Buruku bata yafe ba. A shekarar ne gwamnatin jiha ta hana sare itatuwa a ƙananan hukumomi irin su Birnin Gwari da Chikun da Giwa da Igabi saboda tsaro, gawayi yayi wuya, rumfar Baba ta kusa zama kango, sannan ƙarshen Satumba aka yanke netwok a wasu yankunan, 'yan lambobin da na tara na mutanen ƙauyukan duk suka daina shiga. 2022 kuma wani yajin aikin daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, jirgin da tasharmu ta Rigasa yake nufowa. Karatun shekara biyu sai da ya ci min biyar.

Tunda ƙafa ba zata je ba sai na koma kallon dajin daga sama. Akwai taurarin ɗan adam na Amurka da ake kira Landsat, tun 1972 suke ɗaukar hoton duniya, kowanne yana dawowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16, kuma tun 2008 aka mayar da hotunan kyauta. Kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 30 tsawo 30 faɗi, kenan gonar hekta ɗaya ɗigo goma sha ɗaya ce da ɗan wani abu. Hoton damina baya amfani don gajimare ya rufe komai, na tsakiyar hunturu kuma hazo ya ɓata shi, sai na dinga tsintar na bayan kaka, Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin an girbe gonaki sun koma launin ƙasa amma itatuwa basu gama zubar da ganye ba, a nan ake bambance gona da daji tas. Na haɗa da bayanan ruwan sama na CHIRPS da suka faro daga 1981. Duk wannan a kan wata tsohuwar laftof da batirinta baya minti arba'in, ina sayen datar dare, in wuta ta zo ƙarfe biyu in tashi ƙarfe biyu, in bata zo ba in kai ta wajen mai cajin waya ya ɗora min a janareta ina zaune kusa kamar mai jinya don kar wani ya taka waya. Sau ɗaya ta mutu min da aikin wata uku a ciki ban ajiye ko'ina ba. Wannan ba zan ma bada labarinsa ba, don Allah duk mai yin bincike ya dinga tura wa kansa aikinsa ta imel ko da sau ɗaya ne a sati.

Da sakamakon ya fito na ga abinda ban zata ba. Daga shekarun 1990 kore yana ta ja da baya, gonaki suna cin daji, wannan kowa ya sani. Amma a 'yan shekarun baya-bayan nan sai ga kore yana dawowa a wasu wurare can ciki nesa da titi, manya-manyan faci, wasu har sun haɗe da juna. Bakin titi da kewayen manyan garuruwa kuma sun ƙwaƙule sun yi fari fat. Wallahi daɗi naji. Na zuba komai cikin wata manhaja mai suna Marxan da aka ƙirƙira a Ostireliya, aikinta ka gaya mata nawa kake so ka kare na kowane irin daji, ka gaya mata tsadar kowane yanki, ita kuma ta nemo maka haɗin da ya fi araha. Ni kuma tsadar da na bata ita ce yawan gonakin da ake nomawa a wurin, inda noma yayi yawa da tsada, inda babu da araha. Ta fitar min da wani burtali kyakkyawa, kore shar, ya taso daga gefen Kamuku ya gangaro kudu maso gabas babu yankewa. A Disambar 2022 ƙasashen duniya suka amince a Kanada cewa za a kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030, ni kuma ga taswirata a hannu, na fara jin kaina kamar wani abu, har na fara duba yadda ake neman tallafin digiri na uku a Jamus.

Naje wajen masu firinta na sa aka buga min ita babba mai kala, kuɗin ya ci min rai amma ina so Baba ya ga inda baƙin kuɗinsa ya tafi.

Akwai wani dattijo da yake zama a rumfar Baba a lokacin, muna ce masa Baffa. Gudun hijira ya kawo shi daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Gwari, shi da iyalinsa da jikoki suna cunkushe a ɗaki biyu a wani kango da mai shi ya basu aro. Da can Baba yana sayen itace a hannun mutanen garinsu shi ne sanayyar. Yana taya Baba ƙulla gawayi a leda, da yamma a bashi abinda ya samu. Mutum ne mara magana, kullum da 'yar rediyonsa, ni gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, shekara kusan biyu ina wuce shi ina neman bayanin yankinsu a intanet, ka ji wauta.

Na shimfiɗa taswirar a kan buhunan gawayi na danne gefe da duwatsun awo ina ta zuba wa Baba bayani, nan ne kaza nan ne kaza. Baffa ya ajiye leda ya goge hannu a rigarsa ya matso. Bai yi boko ba, bai taɓa ganin garinsu daga sama ba. Yace, "Ɗana, ina gabas a nan?" Na nuna masa. Ya sa na juya takardar har gabas ɗinta ta kalli gabas ta gaske. Yace ina titi, na nuna. Ina kogin, na nuna. Sai ya ɗora yatsa a kan wani rafi siriri ya dinga bin sa a hankali yana magana ƙasa-ƙasa, nan ne mashaya, nan ya karkata wajen dutse, nan ne ake tsallakawa in ba marka ba, yatsan yana barin baƙin layi a kan takardar da na biya kuɗi ni kuma na kasa cewa komai. Ya tsaya daidai tsakiyar burtalina, inda koren ya fi duhu. Yayi shiru. Can yace, "Wannan koren mene ne?"

Nace Baffa daji ne yake farfaɗowa, wuri ne mai kyau sosai, shi nake ba gwamnati shawara ta killace.

Yace, "Gonata ce."

Ya nuna ta ƙaninsa, ya nuna ta wani da aka kashe a cikinta yana huɗa, ya nuna inda masallacinsu yake da maƙabarta. Yace damina huɗu kenan ba a sa mata fartanya ba. Yace ai dole tayi kore, kututturan da muke sassabewa duk shekara basu mutu ba, saiwar tana nan a ƙasa, shekara ɗaya ka ɗaga ƙafa zasu tofo, kalgo da taura da doka, yanzu sun fi ni tsawo. Ba faɗa yake ba, ko murya bai ɗaga ba, har da ɗan murmushi. Sannan ya kai yatsa bakin titi inda na shafa ja na rubuta cewa mutane sun lalata wurin, yace nan kuma mu ne, duk wanda ya gudo nan ya tsaya, ba gona ba sana'a, in bai sari itace ya ƙona gawayi ba me zai ba yara. Baba dai bai ce uffan ba, yaci gaba da ƙulla ledarsa.

Hausawa sun ce abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Ni ba rimi na hau ba, Landsat kilomita 705 yake a sama, kuma duk da haka ban ga komai ba.

Daren nan ban yi barci ba. Abinda ya fi damuna ba wai nayi kuskuren lissafi bane, lissafin daidai yake, koren gaskiya ne, manhajar ma bata yi ƙarya ba, abinda na tambaye ta shi ta bani. Ni nace mata inda ba a noma shi ne mai araha. Ita bata san dalilin da ya sa ba a noman ba. Wato na ɗauki wuraren da aka kori mutane da bindiga na kira su nasara, kuma da wani ofishi zai ɗauki taswirar nan da gaske ya zana iyaka, ranar da zaman lafiya ya dawo Baffa ya koma gida malamin daji zai tarar a bakin gonarsa yana ce masa nan gandun gwamnati ne. 'Yan bindiga sun kore shi da farko, ni kuma in zo da biro in hana shi komawa. Nasan wani zai ce ai takardar mastas ba mai karantawa, a kan kanta ake jibge su ƙura ta cinye, gaskiya ne mafi yawa haka ne, amma yanzu akwai manyan shirye-shirye irin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma masu irin wannan aiki taswira suke nema, in sun samu wadda aka riga aka yi ba lallai su tambayi yatsan wa ya bi ta kai ba.

Da na kai wa Dokta maganar bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba, shekarata huɗu a wuyansa. Yace, "Kana so ka gama ne ko kana so ka gyara duniya? Ka sa shi a sakin layi ɗaya cikin gazawar bincike mu wuce." Nace ranka ya daɗe ba gazawa bace, gaba ɗaya sakamakon ne a kife. Ya jujjuya taswirar, ya ga baƙin layin yatsan Baffa ya tambaye ni wannan fa, na bashi labari. Ya daɗe bai yi magana ba. Ashe shi ma ƙauyen kakanninsa a wata jihar ya tashi. Yace wata shida na baka, in ka wuce haka kai ka sani.

Ashe ƙauyukan da na kasa zuwa sun riga sun zo Kaduna, suna Rigasa suna Mando suna Buruku, wasu suna tura baro wasu suna ga-ruwa wasu gadi. Baffa ne ya zame min ɗan jagora, in ba don shi ba ba wanda zai buɗe min baki, don mutanen sun gaji da masu zuwa da takarda a rubuta suna a tafi ba a sake ganinsu. Takardar tambayoyin da na tsara da turanci ma ajiye ta nayi bayan kwana biyu, ka tambayi mutumin da ya binne ɗansa wai ya zaɓa tsakanin na yarda sosai da na yarda kaɗan, abin kunya ne. Sai mu zauna a ƙasa su zana garinsu da tsinke, dutse ya zama dutse, tsakuwa ta zama rijiya, ni kuma in mayar a kan hoton sama.

A nan na koyi sauyin yanayin da ban koya a aji ba. Lissafina ya nuna cewa jimillar ruwan shekara bata ragu kamar yadda mutane ke zato ba, tun bayan farin shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984 ma ta ɗan farfaɗo, sai na ɗauka manoman zasu ce min da sauƙi. Wani yace min, "Malam, in aka baka tuwon sati guda a rana ɗaya aka hana ka na sauran kwana shida, an ciyar da kai?" Matsalarsu ba yawan ruwan bane, rabonsa ne. Ruwan farko ya zama maƙaryaci, zai sauko kamar da gaske a yi shuka, sai ya ɗauke sati biyu ko uku tsiron ya ƙone a sake sayen iri, ga taki da tsada. Da can suna duba zuwan shamuwa da tohon wasu itatuwa su san lokaci yayi, yanzu shamuwar ma sun ce tana zuwa ta zauna jira kamar kowa. Sannan in marka ta zo a Agusta sai ta zo da hauka ta kwashe gonakin bakin rafi ta tafi da ƙasar. Dabarunsu kuwa sun fi abinda na rubuta a babin shawarwari, raba shuka kashi biyu ko uku kar a zuba iri duka a ruwa ɗaya, komawa masara mai saurin nuna irin wadda cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, haɗa dawa da wake, riƙe 'yar fadama don noman rani. Duk waɗannan kuma sai kana da gonarka zaka yi su. Wanda ke kango a Rigasa ba shi da wata dabarar jure fari.

Matan ne suka buɗe min ido kan itatuwa, ta bakin matar Baffa da 'yarsa don ni ba zan shiga ba. Su a wajensu daji ba kore bane kawai, kowace bishiya da sunanta da mai ita. Kaɗanya tana zubar da 'ya'ya daidai farkon damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a ci 'ya'yan a tara ƙwara a yi man kaɗe a sayar. Ɗorawa ga garin ga kalwa ta daddawa. Kuka ga miya. Shekarar da hatsi bai yi ba waɗannan ne ke riƙe gida, kuma mafi yawansu ba a cikin gandun daji suke ba, a tsakiyar gonaki suke, wuraren da manhajata ta jefar tace sun yi tsada. Wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni wai a na'urar tawa ana ganin ko ɗorawarta tana nan, guda uku ne a jere bayan rijiya. Na duba har a hoton tauraron Sentinel-2 na Turai mai ɗigon mita 10, na ga wani duhu-duhu a wajen amma ban iya rantsewa ba. Nace a gaya mata da alama suna nan. Har yau ban sani ba ko gaskiya na faɗa mata.

Shi kanshi Baba da na zauna nayi masa tambayoyi kamar baƙo sai na tarar kundin tarihi ne. Yana ɗaga gawayi ya ƙwanƙwasa ya gaya maka itacen, kirya ce ko marke ko kaɗanya. Yace da can kirya ake kawowa mai nauyi mai ƙara kamar ƙarfe, wadda maƙera ke so, daga nan kusa. Sannu a hankali motocin suka dinga nisa, gawayin yana sauƙi yana saurin zama toka, kuma ranar da ya fara ganin gawayin kaɗanya da yawa a buhu ya san abu ya ɓaci, don ba mai sare kaɗanya sai wanda ya yanke ƙauna da wurin. Bayan cire tallafin mai a 2023 gas yayi tsada, har ma'aikata masu ɗaure wuya suka dawo layin gawayi, ciniki ya buɗe masa, yana murna yana kuma cewa wannan abin ba zai kai mu ko'ina ba. Na tambaye shi to me zai hana ya bari. Yace, "In ka fara ɗaukar albashin da zai riƙe gidan nan ka zo ka sake tambayata."

Na sake aikin daga tushe. Duk ƙauyen da aka tasa na mayar da shi a lissafi kamar mutanensa suna nan, da gonakinsu yadda suke kafin gudu, na sa burtalan shanu na gaske da mashaya da Fulanin da na samu suka nuna min, su ma da yawa an kwashe musu shanu sun dawo bakin gari ba ko akuya. Kyakkyawan burtalina ya wargaje. Abinda ya fito wani yagaggen abu ne kamar tsohuwar tabarma, siraran layuka a bakin rafuka inda ya kamata a bar itatuwa su riƙe gaɓa, kan duwatsu da tuddai da dama ba a nomawa, kurmi nan da can, sai kuma gonakin kansu a matsayin mahaɗi in an bar itatuwa a ciki. Wannan na ƙarshen ba ni na ƙirƙiro ba, maƙwabtanmu na Maradi sun yi shi tun shekarun 1980, suna ce masa sassabin zamani, maimakon ka sassabe duk tohon kututture sai ka zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka gyara su ka bar su su girma, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar ba tare da an dasa ba. Da na ba Baffa labari yace to ai mu ma iyayenmu haka suke yi kafin a zo mana da maganar gona mai tsabta da garmar shanu.

Ranar kare aikin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tsaya a kan taswirori biyun, ta farko da ta biyu, yace ta farkon ta fi kyau kuma ta fi amfani ga namun daji, me ya sa na watsar da ita. Kuma yana da gaskiya, gwanki baya rayuwa a siririn layin bakin rafi, akwai abinda aka rasa, ban ɓoye ba na rubuta shi ɓaro-ɓaro. Nace masa yallaɓai ta farkon tana da masu ita, suna Rigasa suna jiran hanya ta buɗe. Ya rubuta wani abu bai ce komai ba. Na samu sakamako mai kyau dai, ba wanda na so ba. Maganar Jamus shiru har yanzu, ina nan ina koyarwa, wani lokacin ana kirana in yi wa wasu taswira a biya ni.

Ƙarshen 2024 aka yi sulhu da 'yan bindiga a Birnin Gwari har aka sake buɗe kasuwar shanu, mutane suka fara leƙa garuruwansu a ɗarare. Ni ban san ko zai ɗore ba, su ma basu sani ba. Baffa ya tura babban ɗansa ya gano, ya dawo yace ɗakuna sun zube, gona kuwa sai da ya nemi dutsen iyaka kafin ya gane ta. Da bazara ta gabato Baffa ya ɗaure kayansa, Baba ya bashi gatari biyu da kuɗin mota, Innarmu ta haɗa masa gari da daddawa. Iyalin ya bar su a nan tukuna.

Bayan kamar sati uku ya kira ni da wayar ɗansa, sai da ya hau dutse ya samu netwok, iska tana ta busa cikin wayar, can ƙasa ina jin sara kaf kaf kaf. Yace, "Ɗana, muna cin koren naka." Nace Allah ya bada sa'a Baffa, ya amfana. Yace ya bar wasu fa, duk wadda ta miƙe sosai ya gyara mata rassa ya bar ta, taura da ɗorawa da 'yan kaɗanya, ya ƙirga talatin da ɗaya, in duba a na'urar in gani. Nace toh.

Na jira aka samu ranar da babu gajimare na sauke hoton. Ga wani ɗan faci launin ƙasa ya fito a tsakiyar koren, gefensa a karkace yana bin rafi daidai inda yatsansa ya tsaya. Na ƙara girman hoton har ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai, ina neman talatin da ɗayan nan. Ko ɗaya bata fito ba, sun yi ƙanana tukuna.